Annoba a Cikin Gida da Cikin Gari: Nazari a Kan The Great Ponds da The Slave Girl

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Satumba na shekarar 1918 wata mura mai tsanani ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Daga nan ta bi hanyar dogo da kogin Kwara da hanyoyin fatake, har ta game ƙasar nan kafin shekara ta ƙare. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa ta kashe mutane wajen 500,000 a Nijeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Alƙaluma irin waɗannan suna nuna girman asara, amma ba su faɗin wanda ya ɗebo ruwa a gidan da kowa ke kwance, ko hannun da marayu suka faɗa bayan an share makoki. Amsar irin waɗannan tambayoyi sai a wajen adabi.

Maƙasudin wannan muƙala shi ne nazarin yadda ƙagaggun labarai biyu na Nijeriya suka kawo hoton zaman gida da zaman gari a lokacin waccan annoba. Littattafan su ne The Great Ponds, wato "Manyan Tafkuna", na Elechi Amadi (1969), da The Slave Girl, wato "Kuyanga", na Buchi Emecheta (1977). Da Ingilishi aka rubuta su, amma rayuwar da ke cikinsu ta ƙauyukan Ikwerre da Ibo ce, kuma da tunanin mutanen waɗannan ƙauyuka aka kalli cutar. Za a duba matsayin annobar a cikin zubin kowane labari, da abin da kowane marubuci ya gani, da abin da ya tsallake. Daga ƙarshe za a kawo abin da marubucin Hausa zai amfana da shi.

2.0 Marubutan da Littattafansu

An haifi Elechi Amadi a 1934 a garin Aluu kusa da Fatakwal, ya yi karatun lissafi da kimiyya a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya yi aikin soja da koyarwa, ya rasu a 2016. Littafinsa ya ginu ne a kan rikicin ƙauyuka biyu, Chiolu da Aliakoro, game da mallakar tafkin Wagaba mai yawan kifi. Rikicin ya fara da kamun masu satar su, ya kai ga yaƙi da satar mata. Da sauran ƙauyukan dangi suka shiga tsakani, sai aka yanke cewa Olumba, jarumin Chiolu, ya rantse da Ogbunabali, abin bautar dare, cewa tafkin na garinsu ne. In ya mutu cikin wata shida tafki ya zama na Aliakoro, in kuwa ya rayu ya zama na Chiolu. Ana cikin ƙirga waɗannan watanni ne wata cuta da mutane suka kira wonjo ta ɓullo.

Ita kuwa Buchi Emecheta an haife ta a Ikko a 1944, iyayenta mutanen Ibuza ne da ke yammacin Kwara kusa da Asaba, ta rasu a Landan a 2017. Tauraruwar littafinta, Ojebeta, 'yar wabi ce: duk 'ya'ya matan da uwarta ta haifa kafin ita ba su zauna ba. Saboda haka uban ya yi doguwar tafiya mai haɗari zuwa ƙasar Bini don ya samo mata layu da ƙararrawa da za su hana ta komawa. Cutar da mutanen Ibuza suka kira felenza ta kashe uban, ta kashe uwar, sai wanta Okolie ya ƙetare kogi da ita zuwa kasuwar Anacha, ya bar ta a hannun wata attajira, Ma Palagada, a kan fam 8.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin marubutan nan da ya ga annobar da idonsa. Amadi ya buga littafinsa shekara 51 bayanta, Emecheta kuma shekara 59. Abin da ya kai gare su shi ne abin da ya rage a bakin dattawa, kuma shi ne suka sarrafa.

3.0 Annoba a Cikin Gari: The Great Ponds

3.1 Ɓoye sunan cuta

Babbar dabarar Amadi ita ce hana mai karatu sanin abin da taurarin labarin ba su sani ba. Tun daga farkon littafin har zuwa shafinsa na ƙarshe ba a ambaci shekara ba, ba a ga Bature ba, ba a ji labarin yaƙin duniya ba. Mai karatu yana zaune a Chiolu, iyakar duniyarsa ƙauyukan da ake isa da ƙafa. Da mutane suka fara tari da zazzaɓi suna mutuwa, bayanin da ke kusa da hankali shi ne rantsuwar Olumba: an kira abin bauta a kan rigimar kifi, ga shi ya amsa. Kowane ɓangare yana ɗaukar mutuwar da ta auku a gidansa a matsayin hukunci, yana kuma kasa kunne ya ji ko maƙwabta ma ana binnewa. Sai a jimlolin ƙarshe ne mai ba da labari ya fito fili ya ce wonjo ita ce murar 1918, wadda ta ci rayuka wajen miliyan 20 a duniya. Wannan adadi shi ne wanda aka sani a zamanin da aka rubuta littafin, binciken da aka yi daga baya ya kai shi miliyan 50.

Ana iya sukar wannan dabara da cewa marubucin ya kasa warware ƙullin labarinsa ne, sai ya jawo wani abu daga waje ya raba gardama. Wannan suka ba ta da ƙarfi idan aka lura da aikin da cutar ta yi a cikin zubin. Wonjo ba ta yanke hukuncin mai tafki ba. Olumba ya cika wata shidansa da rai, wato Chiolu ta ci shari'a bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa. Wanda ya hana su cin moriyar nasarar mutum ne, Wago, jarumin Aliakoro, wanda ya je ya hallaka kansa a cikin tafkin, alhali a al'adar mutanen haramun ne a kama kifi a ruwan da wani ya kashe kansa a ciki. Ke nan ƙiyayyar ɗan Adam ce ta rufe labarin. Aikin annobar shi ne sauya ma'aunin da mai karatu ke auna rigimar da shi: tafkin da aka zubar da jini dominsa ya koma ƙaramin abu a lokacin da babu masu ƙarfin jan taru.

3.2 Rushewar al'amuran yau da kullum

Ƙarfin Amadi yana wajen nuna gari a matsayin jiki guda. Rabin farko na littafin cike yake da taron dattawa a zauren sarki, da shawara, da aike tsakanin ƙauyuka, da kai sadaka wurin boka. Mai karatu ya saba da waɗannan har ya ɗauke su kamar ba za su taɓa tsayawa ba. Da cutar ta kankama, sai a ga kowanne yana raguwa. Masu zuwa taro sun yi kaɗan, waɗanda suka zo ma hankalinsu yana gida. Makoki, wanda a da yakan tara gari, ya zama abin da ake yi a gurguje domin gawa tana jiran gawa. Bokayen da ake gudu wurinsu su ma ba su da amsa. Marubucin bai tsaya yana yi wa mai karatu wa'azi a kan wannan ba, ya bar shi ya kwatanta yadda abu yake a da, da yadda ya koma.

Haka kuma halin da Olumba ya shiga tun kafin cutar ta iso abin nazari ne. Tun ranar da ya yi rantsuwa rayuwarsa ta zama dukiyar gari. An hana shi hawa bishiya, an hana shi tafiye-tafiye, ana sa ido a kan abin da zai ci, domin mutuwarsa asarar tafki ce. Mutumin da ya saba da daji da fagen fama ya koma zaman tsakar gida, ƙarfinsa yana zagwanyewa saboda tsoro da zaman banza. Ranar da ya karya doka ya hau bishiya kuwa sai ya faɗo. Wanda ya ga zaman kulle na shekarar 2020 zai gane wannan hoto: mutum lafiyayye da aka tsare don amfanin jama'a, tsarewar kuma tana cin sa ta wata fuska. Amadi ya fahimci cewa zaman jiran mutuwa ciwo ne mai zaman kansa.

3.3 Abin da littafin ya tsallake

Rauninsa yana cikin gida. Olumba yana da mata uku, Nyoma da Wogari da Oda, amma mai karatu yana ganin su ne ta fuskar abin da suke jawo wa zuciyar mijinsu. Ciwon mace a littafin nan ƙarin nauyi ne a kan jarumi, satar mace kuma abin kunya ne ga gari. Oda da Chisa, 'yar sarkin Chiolu, an sace su, an sayar, sun sha wuya kafin su dawo, amma a taƙaice aka ba da labarin wahalarsu, kuma dawowar Oda ta fi zama maganin da ya farfaɗo da Olumba. Alhali kuwa a kowace annoba aikin jinya, da dafa abin da majinyaci zai iya haɗiya, da wanki, da rarrashin yara, a hannun mata yake. Idon marubucin yana zaure da dandali, bai cika leƙa madafa ba. Saboda haka mai karatu ya san yadda gari ya ji tsoro, amma bai san yadda aka kwana a ɗakin majinyaci ba.

4.0 Annoba a Cikin Gida: The Slave Girl

4.1 Gajeriyar cuta, dogon sakamako

Emecheta ta bi wata hanya daban. A littafinta annobar ba ta ɗauki shafuka masu yawa ba, kuma tun farko aka faɗi sunanta. Mai shela ne ya zagaya da ƙugensa ya sanar da cewa wata mutuwa tana tafe daga ƙetaren teku, jama'a kuma suka danganta ta da yaƙin da Turawa ke yi da Jamusawa. Mutanen Ibuza, saɓanin na Chiolu, sun san cewa duniya ta wuce ƙauyensu, uban Ojebeta ma masinjan kotun Turawa ne. Sai dai sanin bai tsare su da komai ba. Sunan felenza kansa, wanda harshensu ya lanƙwasa daga na Ingilishi, yana nuna matsayinsu: sun karɓi cutar da sunanta daga hannun waɗanda suka zo mulkinsu, ba tare da an ba su magani ba.

Hoton da ya fi tsayawa a zuciya shi ne na mutuwar uwar, Umeadi. Yarinyar tana kwance a jikinta kamar yadda ta saba, ba ta san cewa rai ya fita ba. A wannan ɗan wuri marubuciyar ta nuna abin da Amadi bai nuna ba a littafi guda, wato annoba kamar yadda ƙaramin yaro ke gamuwa da ita, a kan tabarma, a jikin wanda ya dogara da shi.

Daga nan sauran littafin sakamako ne. An bi Ojebeta tun tana 'yar shekara bakwai har ta kai 35: zamanta a gidan Ma Palagada tare da sauran kuyangi, da koyon ɗinki da ciniki da shiga coci, da komawarta Ibuza bayan mutuwar uwargijiyarta, da aurenta da Jacob. A ƙarshe mijin ne ya biya ɗan Ma Palagada fam takwas ɗin nan, mai ba da labari kuma ta nuna cewa ubangida kawai Ojebeta ta sauya. Zubin littafin da kansa hujja ce: cutar makonni ta yi a gari, amma bashin da ta bari ya kusa shekara 30 ana biya.

4.2 Wanda ya sayar da Ojebeta

Tambayar da littafin ya tilasta wa mai karatu ita ce: wa ke da alhakin abin da ya sami yarinyar? Felenza ba ta sayar da kowa ba. Okolie bai kai ƙanwarsa Anacha don yunwa ba, kuɗin kayan ado yake nema na rawar da tsararsa za su yi ta shiga sahun manya. Akwai gwaggonsu Uteh wadda take son riƙe yarinyar, amma ya zarce da ita bai saurare ta ba. Kasuwar da ta karɓe ta kuwa tana nan tun kafin annoba, tana ci a ɓoye duk da cewa Turawa sun haramta cinikin bayi a hukumance. Abin da cutar ta yi shi ne kawar da mutum biyu da suka tsaya tsakanin yarinyar da wannan kasuwa. Darajar da Ojebeta take da ita, wadda ta sa aka yi mata tsaga mai yawa a fuska aka rataya mata ƙararrawa, ashe a zuciyar iyayenta kaɗai take, al'ada ba ta tanadar mata wani abin dogaro ba in sun kau. Shi ya sa wurin da aka cire mata ƙararrawar a gidan Ma Palagada yake da nauyi: an raba ta da shaidar ƙarshe ta cewa an taɓa ƙaunar ta.

A nan manazarcin Hausa zai tuna da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda shi ma yaro ya faɗa hannun masu cinikin bayi bayan mutuwar uba da nisantar mai riƙo. Bambancin shi ne Umar ya dace da ubangida mai tausayi, bautarsa ta zama hanyar ilmi da ɗaukaka, labarin kuma ya jingina al'amarin ga ƙaddara. Emecheta ba ta ba mai karatu wannan sanyin zuciya ba. Ta ambaci mai sayarwa, da mai saye, da kuɗin da aka biya, da abin da aka yi da su.

4.3 Raunin littafin

Inda Amadi ya kame bakinsa, Emecheta takan yi yawan bayani. Sau da yawa mai ba da labari tana katse zaren don ta fassara al'ada ko ta yanke hukunci, kamar tana tsoron mai karatu na ƙasar waje ba zai gane ba. Wannan yana rage wa wasu wurare ƙarfi, domin abin da aka riga aka nuna ba ya bukatar a sake faɗa. Bugu da ƙari, garin Ibuza a lokacin annobar bai fito sosai ba. An ji cewa mutane sun mutu da yawa, amma ba a ga yadda kasuwa da gona da taron dangi suka kasance ba. Ohadike, a wani nazari da ya buga a 1981, ya nuna cewa ƙarancin masu aikin gona bayan annobar yana cikin dalilan da suka sa noman rogo ya yaɗu a yankin ƙasan Kwara, domin rogo bai kai doya cin aiki ba. Sauyi irin wannan, wanda ya shiga har cikin tukunyar kowane gida a yankin da labarin ya faru, yana gefen abin da marubuciyar ta sa a gaba.

5.0 Kwatanci da Abin da Ya Shafi Adabin Hausa

Idan aka ajiye littattafan biyu gefe da gefe, za a ga kowanne ya riƙe abin da ɗayan ya saki. Amadi ya fi gwaninta wajen zubi da tsari, littafinsa a ɗaure yake tamau, kuma ya fi nuna yadda jama'a ke neman ma'anar bala'in da ba su san sunansa ba. Emecheta ba ta kai shi tsari ba, amma ta fi shi kusantar gaskiyar abin da annoba ke yi wa iyali, domin ta gane cewa ba a rufe lissafin annoba ranar da aka daina binne gawa. A ma'aunin wannan muƙala, wato zaman gida da iyali, littafinta ya fi nauyi.

Murar 1918 ba ta tsallake ƙasar Hausa ba, kuma ba ta wuce ba tare da alƙalami ya taɓa ta ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga da Kete-Krachi a ƙasar Gana ta yau, ya rasu a 1934, ya yi waƙa a kanta da Larabci mai suna Tunkuyau. Amma ƙagaggun labaran da suka fito daga gasar 1933, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, babu wanda ya ɗauki annoba a matsayin jigo, ko da yake marubutansu sun rayu a zamaninta. Hankalinsu ya tafi ga yawon duniya da jaruntaka da bauta da ramuwar gayya. Yanzu kuwa waɗanda suka ga 1918 da idonsu sun ƙare.

Dama ta biyu ta zo a 2020. An tabbatar da cutar korona a Ikko ranar 27 ga Fabrairu, aka rufe Kano a watan Afrilu, azumin wannan shekara ya riski mutane a kulle. A cikin makonnin nan aka yi ta mace-mace a birnin ba tare da an san sababi ba, sai a watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin ya ba da adadin mutum 979, ya ce ana jin fiye da rabinsu cutar ce ta yi sanadi. Wannan shi ne halin Chiolu: mutuwa ta riga sunanta isowa, kowa yana fassara ta da abin da ya yarda da shi. A daidai lokacin kuma gwamnatocin jihohin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu na asali. Wannan kuma tambayar Emecheta ce: idan al'amura suka rikice, hannun wa yaro yake faɗawa? An yi waƙoƙin faɗakarwa da yawa a kan wanke hannu da rufe hanci, sun kuma yi amfaninsu a lokacin. Sai dai waƙar faɗakarwa umarni take bayarwa, ba ta adana yadda magidanci mai cin kullum ya ciyar da gidansa kasuwa tana rufe, ko yadda mace ta yi takaba ba masu shigowa gaisuwa.

6.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta nuna cewa Amadi ya kalli annobar 1918 daga dandalin gari, ya ɓoye sunanta don mai karatu ya ɗanɗani ruɗanin waɗanda ta afka wa, amma ya bar mata masu jinya a bayan fage. Emecheta ta kalle ta daga kan tabarmar uwa da 'ya, ta bi sawunta har tsawon rayuwar mutum guda, ko da yake yawan bayani ya rage wa salonta kaifi. Darasin da ke ciki ga marubucin zube na Hausa ya shafi wurin tsayawa ne: labarin annoba yana bukatar zaure da tsakar gida duka biyu, kuma yana bukatar a bi marayu bayan an tashi daga makoki. Amadi da Emecheta sun yi aiki da ragowar abin da tsofaffi suka tuna bayan rabin ƙarni. Marubucin da zai rubuta labarin 2020 ya fi su sa'a, domin waɗanda suka yi jinyar da waɗanda aka kwasa a motocin suna nan da ransu, ana iya zama a tambaye su.